Farin Ƙyallen Fas

Shafi na 31

Masu ƙorafin na daɗe da ku a lungunan Fas ana ta cin kuskus, to ku sauke akwatunanku, mun iso Bronx.

Nimatu ta rage wutar ƙarƙashin tukunyar tajin, girkin mutanen Maroko, ta tsaya tana jin yadda miyar ke tafasa a hankali cikin yumɓu.

A cinya ta riƙo tukunyar nan tun daga Maroko har filin jirgin JFK, don kada ta fashe. Da a da ne, da Hamidou mijinta ya yi ta yi mata tsiya har su sauka. Wannan karon ko kallon tukunyar bai yi ba. Ya jingina kansa da tagar jirgi, leɓensa na motsi, har suka ƙetare teku.

Satin da ya wuce ke nan. Yau Lahadi. Hawawu 'yarsu tana Islamiyya, Mma Adjara mahaifiyar Nimatu ta sauka ƙasa barkar haihuwa, Hamidou kuma ya fita da tasi tun da safe bai karya ba.

Saboda shi ta ɗora tukunyar. Tun da suka dawo ba ya cin abinci. Ta yi masa wake da shinkafa irin na Kumasi, ya taɓa ya bari. Ta yi tuwo da miyar kuka irin ta garinsu Maraɗi, ya gode mata ya rufe kwanon. To bari ta gwada abincin garin da ya canja shi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Filomina ce, maƙwabciyarsu ta hawa na uku, 'yar Jos, nas a wani asibiti nan Bronx. Ta shigo da silifas, ta ce ƙamshi ne ya tashe ta daga barci, kuma ba za ta fita ba sai da ƙoshi da tsaraba. Nimatu ta ce tsarabar ta waɗanda suka raka su filin jirgi ce kawai. Filomina ta ce ai mijinta Davou ɗan tasi ne, a filin jirgin yake wuni, duk wanda ya tashi daga JFK su suka raka shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta ɗaga murfin tukunyar, tururi ya buge ta.

"Maman Hawawu, nama da busasshen inabi? Mutanen nan ba a faɗa musu miya daban, alewa daban ba?"

Nimatu ta ce matar gidan da suka sauka a Fas ce ta koya mata, kuma in Filomina ta ɗanɗana sai an kore ta da tsintsiya. Ta bar ta tana satar zaitun a faranti, ta shiga ɗakin Mma ɗauko tsarabar.

Man gashi ne da takalmin fata mai tsinin baki. A akwatin Mma ta zuba su ranar tahowa, don nata ya cika da kayan yaji.

Ta zuge akwatin.

Ƙamshin ne ya fara isa gare ta. Ruwan wardi, sannan a ƙarƙashinsa wani ƙamshi mai sanyi.

Kafur.

A ƙasan akwatin, cikin leda, ga farin ƙyalle a ninke.

Ta san shi. Tana tsaye Hamidou ya saye shi a wani shago da ke bayan zawiyar Shehu Tijjani, a lungun da jaki ɗaya in ya shigo sai mutane su manne da bango. Ya ce na zawiyarsu ta unguwar Tremont ne, wadda suke haɗuwa a ɗakin ƙasan wani shago. Farin ƙyallen da suke shimfiɗawa a tsakiya in ana wazifa ya tsufa, har ya fara rawaya. Ya ce zai roƙi a shimfiɗa sabon a Fas ko sau ɗaya ne, ya kwashi albarka, sannan ya kawo wa 'yan'uwa. An kuwa shimfiɗa. Ita da Mma suna ɓangaren mata suka hango shi ta ramukan katako, fari tas a tsakiyar maza.

Me yake yi a akwatin Mma har yau?

Ta zaro shi daga ledar. Maimakon ya warware dogo guda ɗaya, sai ya zube mata a cinya gunduwa-gunduwa.

An yanka shi.

Nimatu ta daɗe tana taya Mma wankan gawar matan unguwa. Daga Tremont har Mount Hope, in mace ta rasu cikin mutanensu, wayar Mma ake fara kira. Don haka hannunta ya gane abin kafin kanta ya yarda. Ga manyan mayafan naɗi. Ga riga marar hannu, an fasa wuyanta. Ɗinkin hannu ne, zaren daga jikin ƙyallen aka zare shi, babu ƙulli a ƙarshensa.

Likkafani.

Ta shiga laluben kallabi, don na mace ba ya rasa shi. Ta ɗaga wannan, ta kakkaɓe wancan. Babu.

Abin da ya rage a ledar wani siririn yanki ne mai tsawo. Ta ja shi, ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa.

Rawani.

Na namiji ne. Namiji ɗaya ne kuwa a gidan nan.

Jirgin ƙasan da ke bi ta saman titin Jerome ya wuce, gilashin taga ya yi rawa. Ta zauna a ƙasa da rawanin a hannunta har ƙarar ta mutu.

Daga kicin Filomina ta ɗaga murya tana tambaya ko tsarabar sai an koma Maroko za a ɗauko.

Nimatu ta mayar da komai cikin leda, ta fito da man da takalmin. Filomina ta zura ƙafa ta zaga falo tana yanga, ta ce ranar Lahadi mai zuwa duk matan coci sai sun yi ciwon ido. Sai ta kalli fuskar Nimatu, ta tsaya.

Nimatu ta tambaye ta, wai don wata ƙawarta take tambaya, wane irin ciwo ne ke sa namiji ya daina ci, ya rame cikin ɗan lokaci, ya zauna shiru kamar ba ya ɗakin.

Filomina ta cire takalmin ta ajiye. Ta ce ita ba ta duba mutum daga bakin matarsa, kuma ƙawar nan ta san ta, a hawa na huɗu take, tana dafa nama da inabi. Ta ce ita ma ta gan shi a matakala jiya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A kawo shi a ɗebi jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai ta rage murya.

Ta ce akwai abin da Davou ya gaya mata, ya ce kada ta ɗauko shi ta kawo nan. A filin da 'yan tasi ke jiran layi a JFK, tun da satin nan ya kama, motar Hamidou tana can gefe. Ba ya shiga layi. In abokansa suka ƙwanƙwasa gilashi, sai ya ɗaga musu hannu. Daga safe har rana ta karkata yana zaune, tasbaha a hannu, yana kallon jirage suna tashi.

"Davou ya ce ya taɓa ganin irin zaman nan," in ji Filomina a hankali. "Wurin babansa, bayan da likita ya gama yi masa bayani."

Nimatu ta zuba mata tajin a kwano. Filomina ta karɓa, ta matse mata kafaɗa, ta fita. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Mma Adjara tana hawowa tana haki, tana zagin wanda ya ƙirƙiro bene.

Nimatu ta bari har tsohuwar ta zauna a bakin gado ta cire mayafi. Sannan ta ɗauko ledar ta ajiye a gabanta.

Mma ta kalli ledar, ta kalli 'yarta. Ba ta firgita ba. Da Hausarta ta Zangon Kumasi ta ce wa ya aike ta cikin akwatin mutane.

"Mma, na wa ne?"

Mma ta ce ta mayar da abin wurin shi.

"Na ga rawani. Na wa ne?"

Tsohuwar ta ja tasbaharta daga ƙarƙashin matashi ta fara ja. Ta ce amana aka ba ta, kuma ita ba ta taɓa buɗe bakin mamaci ba balle na mai rai.

Nimatu ta durƙusa. Ta ce tun a Fas ta lura. Mma da Hamidou, waɗanda saboda kunyar surukuta ko ruwa ba sa sha a ɗaki ɗaya, sai ga su a tsakar gidan da suka sauka, bakin maɓuɓɓugar ruwa, suna magana ƙasa-ƙasa. In ta fito su yi shiru. Ta ɗauka shirin yi mata wata kyauta suke. Ashe wannan ce kyautar.

Mma ta ajiye tasbahar. Da ta buɗe baki, ba amsar tambayar ta bayar ba. Ta ce ko Nimatu ta tuna Juma'arsu ta ƙarshe a can, ranar da Nimatun da Hawawu suka bi matar gidan kasuwa sayen kayan yaji, suka makara ba su samu zikirin yamma ba.

Nimatu ta ce ta tuna.

Mma ta ce ita tana ciki. Zawiyar ta cika har ƙofa, mutanen Senegal, na Mali, na Najeriya, Larabawan gari, murya ta zama ɗaya har tana jin ta a haƙoranta. Tana leƙe ta ramukan katako ta ga Hamidou a sahu. Ta ga lokacin da bakinsa ya daina motsi. Ta ga ya ɗaga kai kamar an kira sunansa daga sama. Sai ya sulale.

Aka ɗauke shi aka kai bakin famfon alwala, aka yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido, kuka ya fashe da shi, irin wanda ba ta taɓa jin namiji ya yi ba.

Nimatu ta ce ita ce matarsa, kuma a daren nan ta zuba masa miyar harira ya ce mata gajiya ce kawai.

Mma ta ce washegari ya same ta. Ya durƙusa nesa da ita kamar yadda ya saba, ya ajiye ƙyallen, ya ce ta yanka masa.

"Kika yanka."

"Mutum ya roƙe ni likkafani, Nimatu. Wannan ba a cewa a'a."

Ta ce bayan sallar asuba take ɗinkin, kaɗan-kaɗan, kafin gidan ya tashi. Shekaranjiya ta gama.

Nimatu ta tuna duk safiyar da ta wuce ƙofar ɗakin nan da kofin koko, tana jin tsohuwar tana tari a ciki, ashe allura ce a hannunta.

"Ciwon me likita ya ce yana da shi?"

Mma ta ce mai maganar yana nan da ransa, shi za ta tambaya.

"Saura nawa ya rage masa, Mma?"

Tsohuwar ta juya fuskarta bango.

Nimatu ta kwashi ledar ta fito falo. Ta kira wayarsa, tana kashe. Ta kashe wutar tajin. Ta yi alwala ta tayar da sallar la'asar, amma ta kasa sanin raka'a nawa ta yi, ta sake daga farko. A sujada babu abin da ta iya roƙo sai abu ɗaya: ko mene ne, Allah Ya sa irin wanda ake yi wa magani ne.

Tana kan darduma ta ji taku a matakala.

Ta san takunsa. Abin da ba ta ji ba shi ne ƙarar makullan mota da kullum ke riga shi shigowa.

Ya yi sallama a hankali. Dogon mutum, wanda a da in ya shigo sai falon ya ƙanƙance. Yau kamar rigar ce ta shigo da shi. Ya shaƙi ƙamshin tajin, ya lumshe ido, wani abu mai kama da murmushi ya wuce ta fuskarsa.

Sai ya ga teburin.

Ta shimfiɗa su a kai ɗaya bayan ɗaya. Mayafan, rigar, rawanin a sama.

Ya tsaya a inda yake. Bai kalli ɗakin Mma ba, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya jingina da kujera.

Nimatu ta ce ba za ta yi faɗa ba. Ta ce gobe da safe Filomina za ta sama musu likita, in ma asibitin Manhattan ne za su je. Ta ce aikinta ke nan, jinyar tsofaffin da ba ta haɗa komai da su ba, tana ɗaga su tana kwantarwa, tana ba su abinci a baki. Ba za ta gaza a kan mijinta ba. Abu ɗaya take so, ya kira mata sunan ciwon.

"Baban Hawawu, faɗa mini. Zan iya ɗauka."

Ya ɗago ya dube ta. Idonsa tas, babu alamar zazzaɓi.

"Lahiyata lau, Nimatu."

Ta nuna teburin.

Ya ce wallahi babu likitan da ya gani. Babu inda ke masa ciwo. Rabonsa da jin jikinsa sakayau haka tun yana yaro a Maraɗi.

Ya kamata ta ji sanyi. Maimakon haka sai wani tsoro sabo ya taso mata daga ciki, wanda ba ta san sunansa ba.

Ya fara magana yana kallon hannuwansa. Ya ce ranar Juma'ar nan, ana cikin zikiri, akwai inda ya kai ya daina jin muryarsa a cikin ta mutane. Tun ranar da ya sauka ƙasar nan akwai wani abu ɗaure a ƙirjinsa, ya saba da shi har ya ɗauka haka ƙirjin kowa yake. A wurin nan aka kwance shi. Ya zaci mutuwa ce, kuma bai ji tsoro ba. Da aka zuba masa ruwa ya buɗe ido ya ga rufin zawiya, ya gane an dawo da shi, shi ne abin da ya sa shi kuka.

Ya ce jirgi ya kawo jikinsa New York. Sauran bai biyo ba.

In ya tayar da mota, zikirin yake ji a cikin injin. In fasinja na magana, bakin kawai yake gani. Ranar Talata a titin Grand Concourse wata mata a kujerar baya ta fasa ihu, sai a lokacin ya ga ya ratsa jar wuta, wata mai tura keken jariri ta ja da baya da ƙyar. Shi bai ga wuta ba. Koren tayil ɗin bangon zawiya yake gani.

Tun ranar bai sake ɗaukar kowa ba. Yau ya mayar wa mai garejin motarsa.

Nimatu ta zauna a hannun kujera.

Ta ce to wannan ma ciwo ne, kuma yana da masu maganinsa. A je wurin limam a yi masa addu'a, a je wurin likitan ƙwaƙwalwa, duk biyun. Ya huta wata ɗaya, ita za ta ƙara awannin aiki.

Ya girgiza kai. Ya ce kafin su taho ya zauna da wani tsohon muƙaddami ɗan Senegal da ya shekara da shekaru a can. Tsohon ya ce masa masu ziyara iri-iri ne, akwai wanda ke zuwa ya koma gida da turare, akwai wanda in ya zo an riƙe shi ke nan. Ya ce akwai ɗan ɗaki a lungun bayan zawiya, na masu shara da shimfiɗa tabarmi. In ya dawo, akwai wurinsa.

"In ka dawo," in ji Nimatu.

"Can nike so in zamna. Can nike so a rufe ni."

Sai yanzu ta fahimci teburin. Ba likkafanin mai ciwo ba ne. Guzurin wanda ba ya niyyar dawowa ne.

Ta miƙe. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma kowace kalma sai da ta fito da kaifi. Ta tambaye shi ko Allahn da ke Fas ba Shi ne a Tremont ba. Ta ce shekara nawa yana sauka ɗakin ƙasan shagon nan yana wazifa cikin ƙamshin kifin da ake sayarwa a sama, ashe duk ba a karɓa ba sai an je inda ke da koren tayil? Ta ce ita ma jikar muƙaddami ce, a cikin ɗariƙar nan aka haife ta, ba ta taɓa jin inda aka ce mutum ya ajiye 'yarsa kamar yadda ya ajiye makullin mota ba.

Ya ce bai ajiye kowa ba. Su taho tare, su uku.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Hawawu da a nan aka haife ta, wadda ko Hausa aka yi mata da Turanci take amsawa, wadda a Fas kwana biyu ta fara kukan tana son komawa makarantarsu. Ita za a kai ɗakin masu shara? Su ci me, albarka?



Can ya ce ya je wurin limaminsu shekaranjiya. Ya zaci zai yi murna. Limam ya ce masa ya ji tsoron Allah, matarsa da 'yarsa suna da haƙƙi a wuyansa, babu Shehun da zai ɗauke masa shi ranar tsayuwa. Ba shi da hanyar tafiya sai in Nimatu ta yarda da bakinta, ba tare da an matsa mata ba.

Shi ya sa yake zama a JFK. Kullum yana haɗa maganar da zai faɗa mata, kullum ya hawo bene ta watse.

"In na ce a'a fa?"

"Sai in zamna."

"Haka? Kamar yadda kake zaune yanzu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta dube shi sosai, wuyan da ya zama siriri, hannun da ke jan tasbahar da babu ita. Ta gane in ta riƙe shi, wannan za ta riƙe. Mutumin da zai zauna mata a falo yana narkewa, kunnensa na wata ƙasa.

Ya fara cewa in kuma zaman jiran ne ba za ta iya ba, in tana so ya sauwaƙe mata...

Ta ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran.

"Tun azahar nake roƙon Allah kada Ya sa ciwon ajali ne," ta ce. "Da ciwon ne, da na yi jinyarka. Wannan ban san ta inda ake kama shi ba."

Hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo. Ta juya ta ga Mma Adjara tsaye a ƙofar ɗakinta, ta dafa bango. Ba ta san tun yaushe take wurin ba.

Nimatu ta tafi wurinta kamar yarinya. Ta kama hannunta. Ta ce Mma ta ji da kunnenta, ba ciwo ba ne, ba mutuwa ba ce, tafiya zai yi ya bar su. Ta ce duk duniya babu wanda Hamidou ke jin nauyi kamar ita, bai taɓa musa mata ko a kan gishirin miya ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ya zauna, hankalinsa ya dawo gida.

"Mma, ki yi masa magana."

Tsohuwar ba ta kalli surukinta ba. 'Yarta take kallo, da wani irin tausayi da ya sa Nimatu ta saki hannun.

Mma ta ce mata nawa ta wanke a garin nan. Ta gama naɗe su da hannunta, a zo a saka su cikin akwati, a ɗora a mota, a ƙetare gada da su zuwa New Jersey, a rufe su cikin ƙasa mai ƙanƙara a gefen babbar hanya, kowa ya duba agogo ya koma aiki. Duk wadda ta raka, in ta dawo ba ta iya barci. Ta ce a Fas ta hau tudu ta ga maƙabartarsu tana kallon gari, kiran salla na isa har cikinta.

"Ba shi ya fara maganar komawa ba, Nimatu. Ni na fara."

Hamidou ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Nawa likkafanin tun a can na gama shi. Ni na roƙe shi ya mai da ni, don tsohuwa ba ta tafiya ita kaɗai." Ta gyara tsayuwarta, muryarta ko rawa ba ta yi. "In kin riƙe shi, ni kika riƙe. Yanzu ki faɗa mana, mu biyu muna jin ki."